Tattabara: Abokiyar Zaman Gida, Ba ta Ɗakin Kwana Ba

Gabatarwa

Kiwon tattabara tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A garin Tafashiya da ke ƙaramar hukumar Kankiya ta Jihar Katsina, da ƙauyukan da ke tsakaninsa da Kusada, kamar sauran garuruwan manoma, yawanci yara maza da samari ne ke riƙe da wannan kiwo. Sukan samo tsohuwar tukunya, ko fasasshen tulu, ko jarkar da aka yanke gefenta, su rataya a jikin katanga ko ƙarƙashin rufin zaure, tattabaru su yi sheƙa a ciki. Amfaninsu kuwa sananne ne: 'yan shila na shiga tukunyar farfesu, musamman don maras lafiya, a kan sayar da wasu a kasuwa a sayi littafin rubutu ko sabulu, kashinsu kuma taki ne mai ƙarfi.

Sai dai a 'yan shekarun nan wata sabuwar ɗabi'a tana kunno kai. Matasa na gani a wayoyinsu yadda wasu mutanen Amurka da Turai ke ajiye tattabara a falo, su ɗinka mata ɗan wando don tare kashi, tana hawa kafaɗarsu kamar kyanwar gida. Ga kuma dalilai na nan kusa: tsoron ɓarayi, da ɓarnar muzuru, da sanyin hunturu, da tsadar ire-iren tattabarun ado. Waɗannan duka kan sa yaro ya kwashi tsuntsayensa ya shigar da su ɗakin da yake kwana, wani lokaci ma har ƙarƙashin gado.

Wannan maƙala za ta duba al'amarin ta fuskar ilmin halittu. Za ta nuna cewa tattabara tana da basira da halin sabo waɗanda suka isa a kira ta abokiyar zama, sa'annan ta bayyana dalilin da ya sa haɗa iskar numfashi da ita a rufaffen ɗaki kan cutar da mutum, ya kuma cutar da ita kanta.

Asalin tattabarar gida

Masana sun ƙidaya jinsuna fiye da 300 a dangin tattabara. Daga cikin waɗanda mai karatu ya sani a dajin Katsina akwai kurciya, da hasbiya mai jan da'ira a kewayen ido, da bardo mai dogon wutsiya. Amma tattabarar gida ba daga ɗayansu ta fito ba. Kakarta ita ce tattabarar dutse, wadda masana ke kira Columba livia, mai zama a gaɓar tekun Turai da Arewacin Afirka, da Gabas ta Tsakiya, da duwatsun tsakiyar Sahara, har zuwa Indiya. Rubuce-rubuce da zane-zanen mutanen da na Iraƙi da Masar sun nuna cewa ɗan'adam ya yi dubban shekaru yana kiwonta, don haka tana cikin tsuntsayen farko da suka shigo hannun mutum.

A cikin wannan dogon zamani masu kiwo sun riƙa zaɓar wadda ta burge su suna haɗa ta da irinta, har aka sami ɗaruruwan ire-ire: mai tukku, mai gashi a ƙafa kamar ta sa safa, mai wutsiya kamar mahuci, mai kumbura wuya. Charles Darwin ya fara kiwon tattabaru a gidansa a Ingila a 1855, kuma a babin farko na shahararren littafinsa na 1859 ya kafa hujja cewa duk waɗannan ire-ire tsatsonsu ɗaya ne. A 2013 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Michael Shapiro na Jami'ar Utah a Amurka suka karanta jerin ƙwayoyin gadon tattabara, suka tabbatar da haka, suka kuma gano cewa sauyi a ƙwayar gado guda ɗaya tak ke haifar da tukku.

Abin lura a nan shi ne mazaunin asali. Tattabarar dutse ba ta yin sheƙa a kan reshen itace. Takan nemi ɗan lungu a jikin tsauni ko bakin kogo, inda ruwan sama ba ya dukanta, maƙiyi ba ya isa gare ta, iska kuma na kaɗawa dare da rana. Tukunyar da yaro ya rataya a katanga kwaikwayon wannan lungu ne. Jikin tattabara gaba ɗaya ya dace ne da wuri mai buɗaɗɗiyar iska, kuma wannan batu zai sake tasowa a gaba.

Ma'aurata, kwanci da nono

Hausawa na yi wa tattabara kirari da uwar alkawari, kuma binciken masana bai ƙaryata kirarin ba. Namiji da mace kan haɗu tun suna da kimanin wata shida, su ci gaba da zama tare shekara da shekaru, sai dai mutuwa ko mai kiwo ya raba. Mace kan saka ƙwai biyu, tsakaninsu kusan kwana biyu. Kwanci na ɗaukar kwana 17 zuwa 19, kuma aikin na su biyu ne: namiji kan karɓa daga hantsi zuwa la'asar, mace ta riƙe daga yamma har wayewar gari.

'Yan shila kan fito idonsu a rufe, jikinsu babu gashin kirki, ba sa iya tsattsagar ƙwaya kamar 'yan tsaki. Abincinsu na farko wani abin mamaki ne. A ƙasan wuyan tsuntsu akwai wata jaka inda ƙwayar da ya haɗiya ke taruwa ta jiƙa kafin ta wuce zuwa ƙundu. Idan ƙyanƙyasa ta kusa, fatar cikin wannan jaka kan yi kauri, ƙwayoyin halittarta su cika da maiƙo da furotin, sa'annan su ɓanɓaro su zama wani abu mai kama da kindirmo. Shi ake kira nonon tattabara. Uwa da uba duka suna yin sa, ɗan shila kuma kan cusa bakinsa cikin nasu ya sha. Bayan kamar mako guda sai iyaye su fara gauraya shi da ƙwaya, kafin mako huɗu zuwa biyar kuwa ɗan shila ya yi gashi ya isa barin sheƙa.

Sinadarin jiki da ke ba da umarnin yin wannan nono shi ne furolaktin, wanda shi ne kuma ke sa nonon mace mai shayarwa da na saniya ya kawo. A farkon shekarun 1930 ne Oscar Riddle da abokan aikinsa a Amurka suka ware wannan sinadari suka raɗa masa suna, kuma jakar wuyan tattabara ce ma'aunin da suka yi amfani da shi. Ashe ke nan likitancin mata masu shayarwa yana da bashin tattabara a kansa.

Basira da sabo

Mai kiwo kan ce tattabarunsa sun san shi, kuma gaskiya ya faɗa. A 1964 Richard Herrnstein da abokin aikinsa a Jami'ar Harvard sun koya wa tattabaru rarrabe hotunan da ke da mutum a ciki da waɗanda babu. A 1995 Shigeru Watanabe na Jami'ar Keio a Jafan ya nuna cewa suna iya bambanta zanen mai zane Monet da na Picasso, har a zanen da ba su taɓa gani ba. A 2015 kuma wasu masana a Amurka suka horar da su kan hotunan tsokar nono da aka ɗauka ta madubin ƙara girma, don su ware mai cutar daji da maras ita. Bayan horon kimanin mako biyu, kowace tattabara na dacewa sau 85 cikin 100. Da aka haɗa amsoshin garken wuri ɗaya kuwa, dacewar ta kai 99 cikin 100. Tsuntsun da ya iya wannan, gane fuskar mai ba shi dawa kullum ba zai gagare shi ba.

Baiwarta da ta fi shahara ita ce komawa gida daga nisan ɗaruruwan kilomita. A ƙarni na 12 Sarki Nuruddin Zanki ya tsara aika wasiƙu ta hanyar tattabaru tsakanin biranen Sham, a 1850 kuma Paul Julius Reuter, wanda ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, ya yi amfani da su wajen kai farashin kasuwa tsakanin Beljiyam da Jamus. Masana sun gano cewa tattabara na haɗa hanyoyi da yawa. Tana auna matsayin rana da agogon da ke jikinta, kamar yadda binciken shekarun 1950 a Jamus ya nuna. Tana jin maganaɗisun ƙasa: a 1971 William Keeton na Jami'ar Cornell ya ɗaura wa wasu ƙaramin maganaɗisu, suka rikice a ranar da hadari ya rufe rana. Floriano Papi na Jami'ar Pisa a Italiya ya nuna cewa ƙamshin da iska ke kawowa yana taimaka mata. Idan ta kusa gida kuwa, takan bi alamun da ta haddace, kamar hanyar mota da kogi da dogayen itatuwa.

Wannan ne ya sa wanda ya sayi babbar tattabara a kasuwa ya sake ta washegari kan wayi gari ta koma gidan mai sayarwa. Sai an tsare ta makonni, ta sami abokin zama, in da hali ta yi ƙwai, kafin ta ɗauki sabon wuri a matsayin gida. Ɗan shila da ya buɗe ido a gidan mutum kuwa ba shi da wani gida sai nan. Idan aka rene shi a hannu shi kaɗai, yakan ɗauki mai renon tamkar abokin aurensa, ya riƙa bin sa yana yi masa kuka da rawa. Irin wannan sabo ne ke jan mai kiwo ya ga bai kamata ya bar tsuntsunsa a waje ba. Tattabarar da ake kula da ita kan kai shekara 15, saboda haka duk shawarar da aka yanke game da makwancinta, shawara ce ta dogon lokaci.

Farar ƙurar gashi

Wanda ya taɓa riƙe tattabara ya san tana barin wani farin gari a hannu da riga. Idan ta yi karo da gilashin taga, takan bar hoton jikinta fari fat a jikinsa. Wannan gari na fitowa ne daga wasu gasu na musamman da ke ƙarƙashin manyan gasu, waɗanda bakinsu ke marmashewa kullum. Da shi tattabara ke gyara gashinta ta kare shi daga jiƙewa. Kaza ba ta da shi da yawa haka.

Ƙwayoyin wannan gari ƙanana ne ƙwarai. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane kashi shi ake kira maikuron, kuma da yawa daga ƙwayoyin garin ba su wuce maikuron ɗaya ko biyu ba. Gashin hanci da majinar maƙogwaro na tare ƙura mai kauri, amma duk abin da bai kai maikuron biyar ba yana iya zarcewa har cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkunan huhu, inda jini ke karɓar iskar oksijin. A tsakar gida iska kan kwashe garin ta watsar. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi ko sauro kuwa, yakan yi ta shawagi sa'o'i, ya sauka a katifa da gidan sauro da tufafi, fanka ta sake tayar da shi. Mai ɗakin zai shaƙe shi sa'a bakwai ko takwas a kowane dare. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A nan farin ba a kai kaɗai yake tsayawa ba.

Garin na ɗauke da furotin na jikin tsuntsu, haka ma busasshen kashinsa. A jikin wasu mutane garkuwar jiki kan ɗauki wannan furotin a matsayin maƙiyi ta far masa, kuma fagen yaƙin shi ne huhu. Likitoci a Amurka sun bayyana wannan ciwo a 1965, suka kira shi huhun mai kiwon tattabara. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, saboda haka ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba ya yi masa komai.

Ciwon na zuwa ta fuska biyu. Akwai mai saurin tasowa: sa'a huɗu zuwa takwas bayan an share ɗakin tsuntsaye sai zazzaɓi, da rawar sanyi, da ciwon jiki, da busasshen tari, da ƙuncin numfashi, bayan kwana ɗaya ko biyu ya lafa. Da yake alamun ba sa zuwa nan take, mai shi kan zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wanda ya fi kama masu zama da tsuntsu ɗaya ko biyu a ɗaki. Shi ba ya zuwa da zazzaɓi mai tsanani. Mutum dai zai ga yana haki idan ya yi noma kaɗan ko ya buga ƙwallo, yana tari, yana ramewa, har a yi zaton tarin fuka ne. Idan aka gano da wuri aka raba shi da tsuntsayen, huhu kan warke. Idan aka ɗauki shekaru, tabo kan maye gurbin lafiyayyar tsokar huhu, tabon kuwa ba ya gogewa.

Ba kowane mai kiwo ke kamuwa ba. Mafi yawansu kan yi shekaru lafiya lau. Amma babu wata alama da ke nuna tun farko wane ne zai kamu, kuma haɗarin na ƙaruwa da yawan ƙurar da tsawon lokacin shaƙarta. Don haka duk mai kiwon da ya je asibiti da tari ko haki, wajibi ne ya gaya wa likita cewa yana zama da tsuntsaye, ko da ba a tambaye shi ba. Wannan jimla guda na iya sauya maganin da za a ba shi.

Abin da ke cikin kashi

Tattabara ɗaya kan yi kashi kimanin kilo 12 a shekara. A gona arziki ne, shi ya sa manoman Masar da na Isfahan a Iran suka gina dogayen hasumiyoyin tattabaru don tara taki. A cikin ɗaki kuwa matattarar cuta ne.

Cuta ta farko ita ce zazzaɓin aku, wanda wata bakteriya mai suna Chlamydia psittaci ke haddasawa. A annobar 1929 zuwa 1930 cinikin aku ne ya yaɗa ta a Turai da Amurka, amma tattabaru ma na ɗauke da ita, sau da yawa ba tare da alamar ciwo ba. Mutum kan shaƙe ta a ƙurar busasshen kashi, bayan kwana 5 zuwa 14 ya fara zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da tari. Tana jin magani sarai idan likita ya san inda zai dosa.

Ta biyu wani nau'in yis ne, Cryptococcus neoformans. A 1955 Chester Emmons ya nuna cewa yana yawaita a tsohon kashin tattabara da ya taru a inuwa. Zafin jikin tattabara, wanda ya kai digiri 41 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyos, yana hana yis ɗin kama ta, hasken rana kuma na kashe shi. Mai lafiya kan shaƙe shi bai sani ba, jikinsa ya kawar da shi. Amma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, musamman mai ɗauke da cutar ƙanjamau, yis ɗin na iya haurawa ƙwaƙwalwa ya haddasa wani nau'in sanƙarau mai kisa.

Ga kuma ƙwari. Wasu ƙananan kaska da ba su kai girman ƙudan zuma ba, da wasu jajayen ƙwari masu kama da ƙwayar barkono da aka niƙa, kan ɓuya da rana a tsagar bango da ƙarƙashin sheƙa, da dare su fito shan jini. Idan ba su sami tsuntsu ba, mutumin da ke kwance kusa ya ishe su.

Ya kamata a auna wannan haɗari da ma'aunin adalci. A 2004 wasu masana biyu na Jami'ar Basel a Suwizalan sun tattara rahotannin likitoci daga 1941 zuwa 2003, suka sami mutum 176 kacal da aka tabbatar sun ɗauki cuta daga tattabarun titi, duk da miliyoyin mutanen da ke cuɗanya da su. Tattabara a sarari ba abar tsoro ba ce. Abin da ke mai da ƙaramin haɗari babba shi ne rufaffen wuri, da tarin busasshen kashi, da raunin jikin mai shaƙa.

Abin da ɗaki ke yi wa tattabara

Cutarwar ba ta gefe ɗaya ba ce. Huhun tsuntsu na haɗe da jakunkunan iska da suka ratsa jikinsa, iska kuma na bi ta cikinsa ta hanya ɗaya ba tsayawa. Wannan tsari na ba shi ƙarfin tashi, amma yana sa guba ta shige shi da sauri fiye da mutum. Hayaƙin maganin sauro na kunnawa, da na fesawa, da turaren wuta, da garwashin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu, duk suna iya kashe tattabara a dare ɗaya.

Tana kuma bukatar rana. Da hasken rana jiki ke haɗa bitamin D, wanda sai da shi hanji ke tsotsar kalsiyam, gilashin taga kuwa na tare ɓangaren hasken da ke yin wannan aiki. Macen da aka tsare a ɗaki kan ci gaba da saka ƙwai ko babu namiji, kowane ɓawo na zuƙar kalsiyam daga ƙashinta, har ta fara saka ƙwai mai taushi, ko ƙwai ya maƙale mata. Rashin tashi kuma na sa tsokar ƙirji ta saki, kitse ya taru. Mutanen ƙasashen waje da ake gani a waya suna da na'urar tace iska, da fitila ta musamman, da likitan tsuntsaye a kusa, kuma duk da haka likitocinsu na gargaɗi game da huhu. Hoton waya ba ya nuna wannan ɓangare.

Tattabaru da kajin gida

A gidan manomi tattabara ba ita kaɗai ba ce. Akwai kaji da zabi da agwagi. Annobar da ke share kaji da hunturu, mai sa koren zawo da murɗewar wuya, ita ce cutar Niyukasil, wadda aka fara ganowa a 1926. Wani nau'in bairos ɗinta da ya saba da tattabaru ya ɓulla a Gabas ta Tsakiya a ƙarshen shekarun 1970, ya isa Turai a farkon shekarun 1980, a 1984 kuma ya shiga gonakin kaji a Ingila ta hanyar abincin da tattabaru suka ɓata da kashi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na yin allurar rigakafin wannan cuta, ma'aikatan dabbobi kuma su ne za su ba da shawarar yadda za a yi amfani da ita. Tun daga 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya a Jihar Kaduna, ƙa'ida ita ce duk wanda ya ga tsuntsayensa na mutuwa da yawa a lokaci ɗaya ya sanar da ofishin dabbobi, kada ya yanka, kada ya kai kasuwa.

Tsarin da ya dace

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da waɗannan ƙa'idoji:

1. A gina wa tattabaru ɗakinsu a tsakar gida, nesa da ɗakin kwana da madafa da randar ruwa da rumbu. Ƙofarsa ta dubi kudu, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina kuma yawanci daga gabas yake tasowa. A sa ragar ƙarfe a tagogi don iska ta ratsa, muzuru da ɓera da maciji kuma su rasa hanya. Kwaɗo a ƙofa ya fi kwana da tsuntsu maganin ɓarawo.

2. A ba kowane ma'aurata sheƙa biyu, domin mace kan sake saka ƙwai kafin 'yan shilan farko su tashi.

3. A riƙa share kashi aƙalla sau biyu a mako. A yayyafa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, a ɗaura takunkumi a hanci da baki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. A zuba kashin a rami ya ruɓe kafin a kai gona. A yaɓe tsagar bango, a shafe da farar ƙasa.

4. Abinci ya haɗa dawa da gero da masara da wake. Waken ne ke ba da furotin. Kada a ba su gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. A ajiye musu ƙananan tsakuwa don niƙa a ƙundu, da dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa don kalsiyam.

5. A sauya ruwan sha kullum. Tattabara na tsoma baki ta zuƙi ruwa ba tare da ɗaga kai ba, saɓanin kaza, kuma ta ruwan sha ne cutar da ke sa rawayan ƙulli a maƙogwaro ke yaɗuwa. A sa musu kwanon wanka sau biyu a mako. Wanka na rage farar ƙurar ƙwarai.

6. Sabuwar tattabara daga kasuwa ta yi mako uku zuwa huɗu a keɓe kafin a haɗa ta da sauran. Kada a riƙa fasa kafson kasuwa a ruwan shansu ba da umarnin ma'aikacin dabbobi ba, domin hakan na koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

7. Idan lalura ta sa dole a shigar da maras lafiya ko marayan ɗan shila ciki, a sa shi a keji, a zaure ko shagon da ba a kwana, mai taga a buɗe, na 'yan kwanaki kawai. Jarirai, da tsofaffi, da masu juna biyu, da masu asma ko wani ciwon huhu, da masu raunin garkuwar jiki, su nisanci aikin shara da wurin da kashi ya taru.

Wannan tsari bai rage komai daga sabo ba. Wanda ya riƙa zama a tabarma a tsakar gida da la'asar, yana kira da fito iri ɗaya, yana miƙa dawa a tafin hannu, cikin 'yan makonni zai ga tattabarunsa na sauka a kafaɗarsa.

Aiki don ɗalibai

Malamin ilmin halittu na iya jagorantar gwaji mai sauƙi. A sami ƙananan gilasai uku, a shafa musu man shafawa kaɗan. A ajiye ɗaya kusa da sheƙa, ɗaya a tsakar gida taku goma daga wurin, ɗaya a aji. Bayan kwana uku a duba su ta madubin ƙara girma, a kwatanta yawan ƙurar da ta manne a kowanne. Wani rukunin ɗalibai kuma ya buɗe littafi ya riƙa rubuta lokacin da namiji da mace ke karɓar kwanci, da ranar ƙyanƙyasa, da nauyin ɗan shila a kowace rana har mako huɗu, sa'annan ya zana jadawalin girmansa. Gani ya kori ji.

Kammalawa

Tattabara tsuntsu ce mai basira da riƙon alkawari, wadda ta cancanci kulawar mai ita. Amma jikinta na bakin kogo ne mai iska da rana, huhun ɗan'adam kuma ba zai jure farar ƙurarta dare bayan dare ba tare da haɗari ba. Magabatan da suka rataya tukunya a katanga ba su san maikuron ko furotin ba, duk da haka tazarar da suka bari tsakanin sheƙa da gado ita ce wadda binciken likitoci ya zo ya goyi baya. Abin da ya rage ga matashin Tafashiya shi ne ya ƙara wa wannan tsari raga da kwaɗo da tsafta da allurar rigakafi, ya bar ɗakin kwana ga mutane.